Tabon tsakuwa a goshin Corolla: abin da na rubuta daga Nuwamba zuwa Janairu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na kai motar wanki. Da yaron ya gama gogewa sai ya yafito ni ya ce, "Alhaji, zo ka duba gaban motar nan." Na san akwai tabo, amma ban taɓa tsugunawa na ƙirga ba. Ashirin da uku ne cif. Goma sha huɗu a kan bonet, biyar a bamba, biyu a fendar hagu, biyu a bakin ƙofar direba. Babbansu bai kai ƙwayar wake ba, ƙananan kuwa kamar gero. Shida daga cikin na bonet sun yi ja, wato tsatsa ta riga ta kama.

Motar Corolla ce ƙirar 2010, ruwan azurfa, 'yar Kwatano, shekara huɗu ke nan tana hannuna. Kusan kowane ƙarshen wata ina zuwa Zariya gaida Hajiya, kuma duk mai bin hanyar nan ya san halin tipa idan ta ɗauko tsakuwa ba tamfol. Kana bayanta kana jin ƙas-ƙas a jikin mota, musamman tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari. Na bakin ƙofa kuwa ba laifin kowa ba ne sai nawa, katangar garejinmu ce nake bugawa duk sanda na fito da sauri.

Daga wurin wanki na biya wajen wani mai fenti. Ya ce bonet kaɗai dubu 85, idan har da bamba da fenda dubu 140. Kuɗin ma ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Motar har yanzu fes bodi ce, ba a taɓa fesa mata ko taki ɗaya ba, kuma ran da za a sayar ita ce tambayar farko da dillali zai yi. Da zarar an fesa bonet, sai ya buɗe ya shafa gefe, ya duba roba, ya ce an yi aiki, wataƙila ma hatsari aka yi, ya zabge kuɗi. Don haka na yanke shawarar in cike ramukan da hannuna ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na samo lambar launin. A motocin Toyota tana jikin takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofar direba, wurin da aka rubuta C/TR. Haruffa uku na farko su ne launi. Tawa 1F7 ce, azurfa mai ƙyalli. Fari zalla na Toyota 040 ne, baƙi zalla 202, kuma da ɗaya daga cikin waɗannan ce da aikin ya zo da sauƙi, don ba su da ƙyalli a ciki.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na tashi aiki da wuri na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa. Wani mai sayar da fitilun mota ne ya nuna mini shagon masu haɗa fenti. Na ba Malam mai shagon lambar, ya duba, ya ce nawa nake so. Da na ce ɗan kaɗan, kamar cikin ƙaramar kwalbar turare, sai yaransa suka kwashe da dariya. Mafi ƙanƙanta da yake haɗawa mililita 100 ne, a kan dubu 7.

Sauran kayan: ƙaramin gwangwanin faraima (shafin da ake fara yi wa ƙarfe kafin launi) 3,500; kiliya (shafin sama mai sheƙi, marar launi) da hadina (ruwan da ke sa ta ƙanƙame), an tsiyaya mini a ƙananan kwalabe biyu, 6,000; tina (ruwan tsinka fenti) rabin lita 2,500; samfefa falle huɗu, mai lamba 600 da 1500 da 2000 da 3000, kowanne 700, ya kama 2,800; maganin tsatsa 4,500; salatif na takarda 1,200. A hanyar gida na tsaya kemis na sayi sifirit da sirinji biyu 1,500, sannan tsinken sakace 300 a wajen mai tireda. Duka-duka 29,300.

Uwargida ta ga kayan a leda ta ce, "Abban yara, yanzu kuma fanal bita ka koma?" Na ce mata sati biyu ne na gama. Na rubuta wannan ne don in ga ko zan cika alkawari.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Allah ya taimake ni ban fara a jikin motar ba. Na samo murfin gwangwanin madara, na shafa masa faraima, ya bushe, na ɗiga fentin a wurare uku. Da na ɗora shi a kan bonet cikin rana sai ga bambanci ƙuru-ƙuru: nawa ya yi duhu, ya koma kamar ruwan toka, ga na motar fes yana ɗaukar ido. Na girgiza kwalbar sosai na sake, ya ɗan gyaru, amma duk da haka bai yi ba.

Na zauna ina tunanin ko lambar na karanta ba daidai ba. Na koma na haska takardar da tocila, 1F7 ce dai.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ban taɓa komai ba. Ɗaurin aure a Gwale, daga nan ziyara.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na koma wurin Malam da murfin gwangwanin. Bai ko yi mamaki ba. Ya ce tun ranar ya so ya ce in kwanto murfin tankin mai in kawo masa, amma ya ga ina sauri. Bayaninsa ya shige ni, don haka bari in rubuta shi yadda na fahimta.

Abu na farko, motar ta shekara goma sha huɗu tana shan rana, ta Amurka da ta Kano, launinta ba zai zauna yadda ya fito daga kamfani ba. Na biyu, kuma shi ne babba: ƙyallin da ke cikin fentin azurfa garin alminiyam ne, ɓarɓashi falle-falle ƙanana ƙwarai. Idan aka fesa da bindigar feshin fenti, fentin yana sauka siriri ya bushe da wuri, ɓarɓashin ya kwanta a saman yana mayar da haske. Idan kuwa aka ɗiga shi da kauri, yana daɗewa a jiƙe, ɓarɓashin ya nutse ya tsaya ta kowace fuska, sai wurin ya yi duhu. Ya ce, "Alhaji, ko kwalbar kamfanin Toyota ka samo daga Japan, in dai da tsinke za ka saka, ba zai zama ɗaya da na bindiga ba. Kusa dai za mu kai shi."

Muka kwance murfin tankin a nan bakin shago. Ya ƙara farar azurfa kaɗan-kaɗan yana shafawa a kati yana karawa, har sau huɗu, ya bar shi ya ɗan fi na motar haske da gangan saboda duhun da zai yi in an ɗiga. Ya jefa ƙananan ƙwallayen boris biyu a kwalbar don su riƙa motsa abin da ya kwanta a ƙasa. Bai nemi ko sisi ba, na ba yaran dubu 2. Kashe kuɗi ya kai 31,300.

Wannan magana ta sauya mini lissafi. Da burina a rasa gane inda tabon yake. Yanzu na rage buri: tsatsa ta tsaya, kuma mai tsaye taku biyu daga motar kada idonsa ya kai wurin.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ranar tsatsa. Na wanke gaban motar da sabulun wanke-wanke don ya cire maiƙo, na goge kowane rami da auduga da sifirit. Na yayyaga salatif na manna kusa da kowane tabo na rubuta masa lamba daga 1 zuwa 23, in ba haka ba ƙananan ɓacewa suke yi da zarar haske ya juya.

Ramin ya yi wa samfefa ƙanƙanta, in ka sa yatsa sai ka kankare fentin da ke kewaye. Dabarar da na yi: na aro abin huda takarda daga ofis, na huda samfefa mai lamba 600, na manna 'yan da'irorin a kan robar gindin fensir da gam. Sai ka kafa fensirin a ramin ka murza tsakanin yatsu kamar mai kaɗa miya da maburgi. Biyar daga cikin shidan sun fito da farin ƙarfe cikin sauƙi.

Lamba 9 ce ta ba ni wahala. A ido ƙarama ce, amma da na taɓa gefenta da bakin allura sai fentin ya ɗago kamar ɓawon gyaɗa. Ashe tsatsar ta bi ta ƙarƙashi ta yi gaba. Na ci gaba da ɓantarewa har na kai inda fentin ya riƙe ƙarfe gam, kafin nan ramin ya ninka girmansa sau uku. Raina bai so ba, amma rufe tsatsa da fenti daidai yake da ɗaure gyambo ba a wanke ba.

Wannan aiki ya sa na ga yadda fentin mota yake hawa-hawa. A ƙasa ƙarfe, sai wani shafi mai ruwan toka da ake yi a kamfani ta hanyar tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya a cikin kwatami, sai faraima, sai launi, sai kiliya a sama mai sheƙi. Dukansu in an haɗa kaurinsu bai wuce na fallen takarda da kaɗan ba. Takwas daga cikin na bonet ba su kai ƙarfe ba, a shafin toka suka tsaya, shi ya sa ba su yi tsatsa ba.

Na ɗiga maganin tsatsa a shidan da bakin tsinke. Kafin magariba wuraren da ke da sauran ja sun koma baƙi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Faraima a kan duk ramin da ƙarfe ya fito: shida na bonet, biyu na ƙofa, ɗaya na fenda. Na fesa kaɗan a murfin kwalba, na riƙa ɗiba da tsinke. Minti ashirin aka gama.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na duba, faraimar ta kama. Babu aiki sai Asabar. Sati biyun da na yi wa uwargida alkawari sun cika yau, ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau ce ranar da na fi jira, kuma ta ƙare da ɓacin rai.

Na fara wajen ƙarfe goma sha ɗaya a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Kuskuren farko ke nan. Hunturu ya shigo, garin ya yi hazo, iska busasshiya ƙayau. Kafin in kai tsinken daga kwalba zuwa bonet fentin ya fara daskarewa a bakinsa, yana jan zare kamar yauƙin kuɓewa. Sai na riƙa ɗebo da yawa don ya isa a jiƙe, kuskure na biyu. Daga lamba 1 zuwa 7 duk sun yi tudu, kowanne ya malalo ya hau kan fentin asali, ga duhu kamar ƙudaje sun sauka a jere. Abin da Malam ya gargaɗe ni a kai shi na yi daidai.

Ina cikin haka wata a-daidaita-sahu ta wuce ta tayar da ƙura. Da na duba da tocilar waya, kowane ɗigo ya sha rairayi.

Sai lamba 11 da 12 suka zo da nasu salon. Ina ɗigawa fentin ya gudu gefe, ya bar rami a tsakiya kamar idon kifi. Na goge na sake, haka dai. Daga baya na tuna ranar Alhamis an wanke motar, kuma na ga yaron ya goge bonet da tsumman da yake shafa wa taya da dashbod mai. Man nan yana da silikon, shi kuwa fenti ba ya zama inda silikon ya taɓa. Ban yi wa yaron faɗa ba, ni ne ban sake gogewa da sifirit ba da safen nan, na dogara da gogewar makon jiya.

Na jiƙa auduga da tina kaɗan na kwashe duk abin da na saka tun bai gama ƙanƙamewa ba. Fentin kamfani gasasshe ne, tina ba ta yi masa komai in ba a bar ta ta zauna ba. Amma faraimata ta bi audugar a wurare huɗu. Aikin mako guda ya koma baya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na sake wanki da sabulu, na bi da sifirit sau biyu da sabuwar auduga kowane karo. Na mayar da faraima a huɗun. Na kwashe tarkacen gareji don motar ta shiga gaba ɗaya a rufe ƙofa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na sayi tawul biyu masu laushi na goge mota, dubu 3. Babu mai taɓa su sai ni. Jimla 34,300.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Wannan karon na canza komai. Na yayyafa ruwa a daɓen gareji don ƙura ta kwanta, na tura ƙofar saura kaɗan saboda iska ta riƙa shiga. Na fara ƙarfe tara, sanyin safe ya ragu amma ƙarfen motar bai ɗau zafi ba. Na girgiza kwalbar minti biyu cur ina jin ƙarar boris, na zuba kaɗan a murfi, na sa tina ɗigo biyu don ya saki.

Abin da na gano shi ne ba shafawa ake yi ba. Ka feƙe bakin tsinken, ka taɓa fentin kaɗan, ka taɓa tsakiyar ramin, shi da kansa zai bazu ya bi gefe. In ya rufe ƙasan ramin ka ɗauke hannu ko da kana hango faraima ta ciki. Bayan rabin awa a ƙara. Yawanci sau biyu ya ishe su, lamba 9 ta ci sau huɗu. Dole kuma a bar ramin bai cika ba, don kiliya ta samu wurin zama.

Maganin ƙura kuwa ɗana ne ya kawo shi. Yana tsaye yana kallo ya ce, "Abba, me zai hana ka kifa musu murfin lemo?" Ya tattaro murafan kwalba a unguwa, muka wanke, duk wanda na ɗiga sai mu kifa masa ɗaya mu kama da salatif, a ɗan ɗaga gefe ɗaya don tina ta fita. Bonet ta koma kamar faifan dara. Ko ɗaya bai sha ƙura ba.

Na gama goma sha takwas na jikin ƙarfe. Launin ya yi kusa ƙwarai. In ka tsaya a gaba ba ka gani, in ka koma gefe ka kalla a karkace sai ka ga ɗige-ɗige masu ɗan duhu.

Lahadi, 1 ga Disamba

Kiliya. Malam ya ce kashi biyu na kiliya, kashi ɗaya na hadina, don haka na auna da sirinji: mililita 2 da mililita 1. Ya kuma ja mini kunne cewa hadina guba ce ga huhu da fata, takunkumin ƙura na yadi ba ya tare ta. Na sa safar hannu, na buɗe ƙofar gareji rabi, na kori yara.

Na yi tara, aka kira azahar, daga masallaci na tsaya cin abinci da hira. Da na dawo abin da na haɗa ya zama kamar kamu ya kwana. In an haɗa su biyun ba a ajiyewa, sai a yi amfani da shi a lokacin. Na sake haɗa wani na ƙarasa. Kowanne na bar shi ya ɗan yi tudu sama da fentin asali, saboda yana shanyewa in ya bushe, ragowar kuma a goge.

Na bamba biyar ɗin ma na ɗiga musu launi da kiliya yau. Bamba roba ce, baƙa a ciki, ba ta tsatsa, don haka ban wahalar da kaina da faraima ba.

Litinin zuwa Juma'a, 2 zuwa 6 ga Disamba

Jira kawai. Ina zuwa aiki da motar, kowa ya gan ta sai ya tambayi ƙurajen da suka fito mata. Na sayi kamfawun na goge fenti, 5,500. Jimla 39,800.

Asabar, 7 ga Disamba

Na yi ɓarna, kuma babba.

Shirin shi ne a goge tudun kiliyar da samfefa a jiƙe har ya yi daidai da sauran jiki. Na jiƙa samfefar a bokiti da ɗigon sabulu na kamar kwatan awa. Na naɗe mai lamba 2000 a jikin robar goge rubutu, na yi lamba 1 zuwa 5 a hankali, ina gogawa sau biyar ko shida in share in duba. Suka kwanta lafiya lau, in ka shafa da ido a rufe ba za ka ji komai ba. Daɗi ya kama ni.

Lamba 6 tana gaba-gaba, dab da layin da bonet ta karyo. Tudunta ya fi na sauran, kuma robar ba ta zama daidai saboda karyin. Sai na ajiye robar, na ɗauki mai lamba 1500 na sa yatsa. Ruwan da ke fita in ana goge kiliya fari ne kamar madara. Ina cikin yi na ga ya koma ruwan toka. Kafin hankalina ya ba ni ma'anar hakan na ƙara goga uku ko huɗu. Da na share sai ga wani fili kamar faɗin babban yatsa, dishi-dishi, da zobe mai duhu a kewaye. Na cinye kiliyar kamfani na shiga cikin launi. Tudun da nake son kwantarwa kuwa yana nan tsaye a tsakiya, ko rabi bai ragu ba, domin yatsa laushi gare shi, ya lotsa ya ci gefe ya bar tsakiya.

Na sa kamfawun ina fatan ya ɓace. Sauran wurin ya yi sheƙi, shi kuwa ya ƙara fitowa. Kiliyar kamfani siririya ce, ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma a kan karyi da gefe ta fi ko'ina siranta. Wannan na san shi tun kafin in fara. Garin neman gira dai na taɓa ido: tabon da bai kai ƙwayar dawa ba ya zama abin da ake hangowa daga ƙofar gida.

Na tattara kayan na rufe gareji. Ko abincin rana ban iya ci ba.

Litinin, 9 ga Disamba

Wani abokin aiki ya kai ni wurin wani dattijo mai fenti da ya daɗe a sana'ar. Ya sa tabarau, ya shafa wurin, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka gyaran gangar Auzinawa?" Na ce, "Baba, ni ne." Ya yi dariya har da tari. Amma da ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya ya ce na farkon biyar ɗin ko yaransa iyakar abin da za su yi ke nan.

Ya ce gyaran gaskiya shi ne a fesa bonet duka. Na ce abin da nake gudu ke nan tun farko. Ya yi shiru, sannan ya ce tunda wurin yana kusa da karyi, zai iya fesa ɗan wurin kaɗai da ƙaramar bindiga, ya ɓoye bakin aikin a jikin layin, ɗaya gefen kuma ya narkar da bakin kiliyar da tina ta musamman. Bai ɓoye mini ba: ya ce bayan zafin bazara ɗaya ko biyu bakin zai iya fitowa kamar inuwa. Dubu 15. Na amince.

Kafin in tafi ya nuna mini abin da ya kamata in yi tun farko. Ya ɗauki sabuwar reza, ya naɗa salatif a gefe biyu na bakinta ya bar tsakiya a buɗe. Salatif ɗin ne ke hawa kan fentin asali, tsakiyar rezar kuma ta riƙa aske tudun kaɗai. Ya tsayar da ita a miƙe, ya ja a hankali a kan lamba 7, kiliyar tana fita kamar garin alli. Cikin minti ɗaya ta kusa kwantawa, bai taɓa gefe ba ko kaɗan. Ya ce daga nan sai a bi da 3000 a jikin abu mai tauri, goga kaɗan. "Kada ka ƙara sa yatsa a bayan samfefa," in ji shi.

Asabar, 14 ga Disamba

Motar ta wuni a wurin Baba, na karɓo da la'asar. Na zagaya ta sau uku kafin na gano inda ya yi aikin, shi ma don na san wurin ne. Jimla 54,800.

Fes bodi dai yanzu sai da ɗan bayani. In ranar sayarwa ta zo zan faɗa wa mai saye da bakina.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na ƙarasa sauran da dabarar reza. Hannuna na rawa a biyun farko, daga baya na saba. Na bakin ƙofa ban goge su ba sam, gefe ne, na bar su da ɗan tudunsu. Lamba 9 ta shanye ta yi ɗan kwari, na ƙara mata kiliya, sai mako mai zuwa.

Asabar, 21 ga Disamba

Na aske lamba 9, na bi duka da 3000, sannan kamfawun da tawul, da hannu, wuri-wuri. Dishi-dishin samfefa ya tafi. Na fito da motar rana na kira uwargida na ce ta nemo tabon. Daga inda take tsaye ta nuna biyu, lamba 9 da wata a fenda. Da ta matso ta sunkuya ta samo bakwai. Ta ce, "To ai ka yi ƙoƙari, sai dai sati biyun naka ya haihu." Yau kwana 45 da sayen kayan.

Idan na cire kuɗin Baba, aikin ya tsaya a 39,800, kuma fentin da ya rage a kwalba zai yi irin wannan sau ashirin. Da kuɗin Baba, bambancina da mai fesa bonet dubu 30 ne da 'yan kai, ban da Asabar shida da suka tafi.

Asabar, 28 ga Disamba

An wanke motar da injin feshin ruwa, biyu daga cikin na bamba sun fita fit, launi da kiliya gaba ɗaya, baƙar robar ta dawo. Na kira Malam, ya ce robar bamba ba ta riƙe fenti sai an fara shafa mata faraimar roba, wata ruwa-ruwa ce marar launi, daban da wadda na saya. Ba shi da ita yanzu, sai bayan sabuwar shekara. Na jikin ƙarfe goma sha takwas babu wanda ya motsa.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Jiya na je Zariya. Na riƙa ja da baya sosai duk sanda na hango tipa, har wani mai Sharon ya yi ta danna mini hon. Duk da haka na dawo da sabon tabo ɗaya a bonet, gefen dama, ya kai ƙarfe. Na ba shi lamba 24. Tun da yake sabo ne babu tsatsa, na goge da sifirit na sa faraima jiya da daddare, yau da safe launi sau biyu a ƙarƙashin murfin lemo.

Abin da ya rage: kiliyar lamba 24 gobe in na dawo aiki, askewa ranar Asabar ta sama. Faraimar roba in ta iso, sannan in kankare biyar na bamba duka in sake su daga farko, don ukun da suka rage ma ban yarda da su ba. Baba ya ce kada in shafa wa inda ya fesa man sheƙi sai ya cika wata guda, wato bayan 14 ga wata. Zan kuma nemo tsohuwar tayar babur in yanka in kafa a katangar gareji daidai inda ƙofar direba ke bugawa.